Kaskon Wuta a Ƙarƙashin Motar Soja

Ban shawarci kowa ba ranar da na sayi motar, don na san amsar da za a ba ni. Direba ne ni a wani ofishin jakadanci a unguwar Zamalek ta birnin Alƙahira, ina jan baƙar mota mai santsi wadda ko tari ba ta yi, amma ba ta taɓa kwanta mini a rai ba. A barikin soja na girma, mahaifina yana tuƙa manyan motocin nan masu dogon hanci, a kansu na koyi riƙe sitiyari. Da na ga wata irinsu a filin 'yan gwangwan can bayan Giza, ƙirar Jamus, sojoji sun daɗe da sallamarta, manoma sun yi jidar kankana da ita har sun gaji, sai na ji ba zan iya bari a yanka ta ba. Na biya, na yi mata takardu, na tuƙo ta zuwa unguwar Faisal inda muke haya.

Mai ɗakina ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, wa ya ajiye mana wannan a ƙofar gida?"

Na ce, "Tamu ce."

Ta ja tagar ta rufe.

Duk tsawon lokacin zafi mun zauna lafiya. Na kankare tsatsa, na shafe ta da shuɗin fenti, na ɗinka mata sabon tamfol. Ranar Juma'a nakan fita da ita hanyar Fayyum, in ba ta wuta, in ji ƙarar injin har cikin haƙorana. Ina son motar nan, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba.

Sai watan da Misirawa ke kira Tuba ya kama. Wanda bai zauna Alƙahira ba yakan ɗauka babu sanyi, alhali sanyinta mai laima ne, yana bin bango ya shiga ƙashi. Baƙin man motar ya yi kauri kamar man shanu a ƙwarya. In na murɗa makulli sai ta yi nishi ta yi shiru. Na sauya batir, na lulluɓe injin da tsohon bargo, duk a banza.

A wajenmu wannan ba abin damuwa ba ne. Duk wanda ya kwana a tashar manyan motoci a Jos ya ga yadda direbobi ke tura garwashi ƙarƙashin kwanon baƙin mai da sassafe, su sha shayi, kafin su gama mota ta warware. Na sayi gawayi a shagon masu shisha, na ɗauki kaskon turaren wutar mai ɗakina ban tambaye ta ba, na hura, na tura shi ƙarƙashin mota, na tsuguna ina jira.

Abin da ban lissafa ba shi ne ragowar turaren da ke manne a kaskon. Kafin ka ce me, lungu ya turnuƙe da ƙamshi. Tagogi suka fara buɗewa. Ga baƙon mutum tsugune gaban motar soja, hayaƙi na fita daga ƙarƙashinta, bakinsa na motsi, don kuwa ina salati ne saboda sanyi. Wasu suka ce gobara, wasu suka ce sihiri. Wata dattijuwa daga hawa na biyu ba ta tsaya tantancewa ba, ta juyo bokitin ruwa. Kasko bai samu ba, ni na samu.

Ina tsaye jiƙe sharkaf mai gidan hayarmu ya sauko, dattijo mai carbi da rawani a wuya. Ya ce, "Ya Ustaz, ma'alish, ka yi haƙuri, amma khalas, abin ya isa. Mun haƙura da motar nan ta tare mana hanya, ba za mu haƙura da wuta ba. Gobe in kira masu sayen ƙarfe su ɗauke ta, ko kuma ka ba ni makullin ɗakina."

Raina ya ɓaci sosai. Ba ruwan ne ya ƙona ni ba, kiranta ƙarfe da ya yi ne. Na ce, "Ya Hajj, ba ƙarfe ba ce, mota ce, sanyi take ji kamar kowa. Ɗaki naka ne, ƙarshen wata ka karɓa."

Na koma na gyara garwashin a gabansu, na jira ba tare da na sauya riga ba. Da na hau na murɗa makulli ta yi nishi, ta yi tari, sannan ta kama da wata irin ƙara da ta tashi tantabarun saman gidaje. Na bar ta tana aiki har hayaƙinta ya yi fari, ina kallon tagogin nan ɗaya bayan ɗaya.

Hawa bene ne ya fi mini wuya. Gidan yana kusa da makarantar yaranmu, ga maƙwabciya 'yar Maraɗi da mai ɗakina ta shaƙu da ita. Na faɗa wa mai ɗakin nawa abin da na yi. Ta yi kuka, ta ce na zaɓi mota na bar mutane, kuma ban musa ba. Sai dai ban koma na ba mai gida haƙuri ba, har yau kuma ban yi nadama ba.

Na samo mana gida a gefen gari, inda iska ke kaɗawa ba shamaki amma akwai fili. Ranar tashi, a bodin motar muka loda gadaje da tukwane. Gilashin ɓangaren mai ɗakina ba ya rufuwa, ta ƙudundune cikin mayafi, ba ta dube ni ba har muka fita daga Faisal. Can ta ce, "Malam, in dai mun bar gida saboda ita, kada in ji ranar da ka ce za ka sayar da ita."

Na ce mata ba za ta ji ba.