Ranar da Muka Jira Ruwa a Tukra

Shekarar da kogi ya cika har ya taɓa gonakin Tukra, maza duka suna can bakin ruwa suna jera buhunan yashi. Mijina ya fita tun da safe, ya ce mu ɗaure kaya mu jira wayarsa. Ni da mahaifiyarsa, Inna, muka zauna a kan katifun da muka naɗe. Ko abinci ba mu iya ci ba.

Da zaman ya ishe ni, na buɗe kwamfutarsa na kunna fim ɗin da na tarar. Wasu manyan dodanni ne ke fitowa daga teku, mutane kuma sun ƙera mutum-mutumin ƙarfe masu tsayin bene, suna shiga ciki suna dambe da su. Da Faransanci ake magana, Inna ba ta ji, amma ta matso.

"Wannan na ƙarfen namu ne?"

"Namu ne, Inna."

"To buge shi! Ƙara masa!"

Tsohuwar da ta wuni tana jan carbi, ga ta tana dunƙule hannu. Ni ma na ji sauƙi a ƙirjina, har na daina duba waya. Can na ƙarfen ya ɗaga dodon ya maka shi a kan jerin gidaje, suka rushe. Inna ta juyo gare ni.

"Masu gidajen fa?"

"Sun gudu, Inna."

"Ina suka je? Wa ya ɗauki tsofaffinsu?"

Na ce ba a nuna ba. Ta ce in mayar baya in duba da kyau. Ina cikin mayarwa muka ji ihu a waje da Larabci: "Almi ja!" Ruwa ya zo. Wayata ta yi ƙara, mijina yana haki: "Ku fita yanzu, kada ku jira ni."

Na goya Inna, domin gwiwoyinta ba sa sauri. Kafin mu kai titi ruwa ya rufe idon sawuna, mai sanyi, ba ya ko ƙara. Wani mai amalanke ya ɗora ta a kan kayansa, muka nufi gidan yayata a unguwar Gardole. Mijina ya iso da la'asar, laka har wuya.

Ɗakin Inna ne ya faɗi, namu ya tsaya. Mun yi wata da watanni kafin mu koma.