Laimar Hawaga da na ƙona

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da mutuwar maigidana, Baturen Ingila da mutanen unguwar Ma'adi a Alƙahira ke kira Hawaga, kamar yadda Misrawa ke kiran kowane Bature. Ba shehi ba ne, ba minista ba. Makanike ne kuma direba, ni kuma na yi masa aiki shekara tara, saboda haka a bar ni in ɓata shafi ɗaya.

Ni Iliyasu, daga Gusau na zo Alƙahira neman ilimi, nahawu ya kayar da ni sau uku a wuri ɗaya, na ce khalas, shi ke nan, na kama sitiyari. Har yau ɗaliban ƙasarmu na unguwar Hadayik suna ce mini Shehu, ina kuma amsawa, don ban ga wanda ya fi ni daɗewa a kan littafi na farko ba.

Tseren da Hawaga ya yi rayuwarsa a kai ba irin na zagaye fili ba ne. Mota biyu ne ake jerawa, fitila ta kawo kore, a miƙe sak rubu'in mil ɗaya, an gama. Kafin ka ƙare hamma an san gwani. Shi yake ƙera motocinsa da hannunsa tun yana saurayi, daga bututun ƙarfe har inji, kuma duk gudu ɗaya sai ya kwance injin ya sake ɗaurawa. Na taɓa tambayarsa, in an haɗa duk gudun da ya yi a duniya awa nawa zai kai. Ya ce da ƙyar ya cika ɗaya. Na ce, to ranka ya daɗe, ni da nake Ma'adi zuwa Giza kullum na fi ka zama direba. Bai musa ba. Mutumin nan bai taɓa tuƙi a titin Alƙahira ba, wai mahaukata sun yi yawa.

Da ya tsufa ya biyo 'yarsa da ke koyarwa a wata makaranta a nan, ya kama gareji, ya fara ƙera motarsa ta ƙarshe. Doguwa ce siririya kamar ƙadangare, tayoyin baya manya, na gaba kamar na keke. Irin wannan mota birki kaɗai ba ya tsayar da ita. A bayanta akwai laima irin ta masu dirowa daga jirgi, a naɗe cikin jaka. Direba ya ja hannu, ta buɗe, ta riƙe iska. Da yatsunsa suka fara ƙagewa, ni ya koya wa naɗinta. Wata shida ina naɗawa yana warwarewa. Ran da ya daina warwarewa ya ce mini da gurguwar Larabcinsa: "Ya Shehu, kowane jaki ya iya gudu. Raina yana cikin jakar nan."

Sai aka samu wani mai tsohon filin jirgi a hamada bayan Giza ya ba shi rana ɗaya tak, kafin magina su shiga. Likita kuma ya riga ya ce idanunsa ba za su kai baɗi ba. Gudu ɗaya ya rage masa, kowa ya sani.

Ana saura kwana huɗu aka yi sunan jikata ta fari a saman benen da muke haya. Rana ta ƙwalle, ba rumfa. Maiɗakina Binta ta ce, "Malam, wannan ƙyallen Baturen naka da kake ta ninkewa, ba zai yi inuwa ba?" Makullin gareji yana aljihuna. Na ce da la'asar zan mayar, wa zai sani. Kuma ta yi inuwa, ja da fari, har maƙwabta suna leƙe. Ana gashin rago iska ta ɗebi garwashi ta ɗora mata. Huda ce kamar tafin hannu, daidai inda igiyoyi ke haɗuwa, biyu daga ciki sun babbake. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ga inda maganar take. Ni nake naɗi, kuma ya daina dubawa. In na tura hudar ciki na ɗaure jaka, ba mai gani sai ta buɗe. Wataƙila ta riƙe, wataƙila ta yage. In na faɗa, aikina ya tafi, ga iyali, ga jaririya. Kwana biyu ina lissafin da ban iya ba a makaranta. Har na naɗe ta tsaf na rataye. A rana ta uku na sauke ta, na shimfiɗa a gabansa.

Ya daɗe yana shafa wurin da yatsa. Na ce a kai wa mai ɗinkin tanti. Ya ce wadda wuta ta taɓa ba a yarda da ita, sabuwa kuma sai daga Ingila, mako uku. Sannan ya ce, "Naman ya yi daɗi?" Na ce ya yi. Ya ce, "Ba ka kawo mini ba." Abin da ya faɗa ke nan duka. Ya buga waya ya soke ranar.

Bai sake gudu ba. Bai kore ni ba, bai kuma ce ma'alish, wato ba komai, ba, ni ma ban nemi ya ce ba. Shekara uku da suka rage masa ni nake kai shi gareji, ya tayar da injin, unguwa ta girgiza, ya kashe, mu koma gida. Wani lokaci nakan kama shi yana kallon bangon da jakar take, sai in tashi in ɗora shayi.

Da zai leƙo yau, filin nan ya zama gidaje masu get da maigadi. Motar kuwa 'yarsa ta tafi da ita Ingila. Motocin lantarki sun fara yawo, ba ƙara ba hayaƙi, abin da nake ganin zai ɗauka a matsayin cin mutunci. Amma na san inda idonsa zai tsaya: yaran nan masu kai abinci a babur, ido a waya, suna kutsawa tsakanin ƙananan bas ɗin haya da ake kira mikrobas. Autana Sani yana cikinsu. Kullum da safe sai na matsa birkinsa gaba da baya kafin ya fita, yana cewa, "Baba, yalla, oda tana hucewa." In ce ta huce. Sannu ba ta hana zuwa.

Ba ni da kofin tserensa ko ɗaya, ban kuma san ko mutanen ƙasarsa suna tuna shi ba. Abin da ya bar mini shi ne laimar, ya ce in kai wa Binta tunda ta fi shi sanin amfaninta. Tana nan, ta sha suna bakwai da walima biyu. Duk wanda ya zo aro, ni nake warware ta da hannuna, kuma kafin ya ɗauka sai na nuna masa hudar.