Lukuman Mai Baƙi a Filin Sharo

Lukuman ɗan masunta ne daga Diggi, amma ruwa bai karɓe shi ba. Yana da shekara sha bakwai ya kifar da jirgin ubansa da kamun yini guda, uban ya fasa masa kai da filafili. Ya kama hanyar Kalgo jini na bin wuyansa, bai sake komawa ba. Ya yi dako a tasha, ya yi dambe kaka uku har aka karya masa hanci.

Da motar lori ta fara bin hanyar Kalgo zuwa Gwandu, sau biyu a mako in ƙasa ta bushe, sai ya sami abin yi. Baƙo na sauka zai karɓi kayansa, ya shiga karanto masa gari. "Ka zauna gaba kusa da direba, baya na buhu ne da awaki. In mun kai Gwandu, hubbare tukuna, ka tuɓe takalmi tun daga ƙofa. Saƙi a rumfunan gabas, kuma ka bari ni in taya. Nono wurin matan Maruda. Abin da ban ce ka taɓa ba, ka bar shi."

Abincinsa duk a kan magana ɗaya yake: ba a taɓa fitar wa baƙonsa jini ba. Fatake sun san haka, shi ya sa suke tambayarsa tun daga nesa. Ranar da maganar ta zama ƙarya, ya san dako zai koma. Wani ɓarawo ya taɓa yanke aljihun baƙonsa a layin 'yan goro, Lukuman ya ɗora hannun ɓarawon a bakin turmi ya karya yatsu biyu da taɓarya.

Bayan girbin 1956 ya ɗauko Malam Hassan, mai sayen fata daga Kano, mutum mai tumbi da son ba'a. Sun gama kasuwa da azahar sai Hassan ya ji kiɗa a bayan kara, inda ake sayar da shanu, ya nace sai ya gani. Sharo Fulani ke yi. Wani saurayi na tsaye ba riga, hannu a sama, yana kallon madubi, yana jiran abokin karawarsa.

Lukuman ya juya sayen fura. Kafin ya waiwayo, Hassan ya ɗauki tsumagiyar tsamiya da aka ajiye a ƙasa ya zabga wa saurayin a haƙarƙari, yana dariya. "Ashe da gaske ba sa ji!"

Kiɗa ya tsaya. Sanduna suka tashi ta ko'ina. A filin nan duk wanda ya buga sai an rama, kuma Hassan bai sani ba.

Ardo Sambo, dattijon da ke riƙe da filin, ya nuna shi da haɓa. "Tuɓe riga."

"Wasa nake yi, baba!"

"Mu ma wasa muke. Tuɓe."

Lukuman ya dubi tumbin nan, ya dubi damtsen saurayin. Bugu ɗaya zai kwantar da mutumin, in kuma ya gudu sanduna su farfasa kansa. Ya ajiye ƙwaryar fura ya shiga tsakani.

"Ardo, wanga baƙona ne. Bayana nashi ne."

"Kai ka buga?"

"Ni na kawo jakin, ni ke biyan ɓarna."

Wasu suka yi dariya, Ardo bai yi ba. "Mai aron baya uku yake sha. In ka motsa, mu koma kan Bakano."

Lukuman ya cire riga ya ɗaga hannu. Saurayin ya zaɓi tsumagiya mai kaurin babban yatsa, ya zagaya shi sau biyu a hankali. Bugun farko ya tsaga fata daga hammata zuwa cibiya. Na biyu ya sauka a kan na farko, Lukuman ya ji wani abu ya ɓalle a ciki, numfashi ya ƙi shiga. Ya cije, ya ce, "Ɗan Fulani, ba ka sha nono yau ba?"

Bai kamata ya faɗa ba. A na uku saurayin ya taso da gudu, tsumagiyar ta dare biyu, reshe ɗaya ya yi sama ya shiga idon hagu. Mata suka yi ihu. Lukuman bai ɗaga ƙafa ba sai da Ardo ya ce, "Ya isa."

Da tsumma a fuska ya kai Hassan tasha, ya zaunar da shi gaba, shi kuma ya hau baya cikin buhunan gero. Har Kalgo Hassan na kuka yana roƙon gafara.

"Rufe min baki," in ji Lukuman da suka sauka. "Ko ƙwarzane babu a jikinka. Haka za ka faɗa a Kano."

Haka kuwa Hassan ya faɗa, baƙi suka ƙaru. Sai dai haƙarƙarin bai haɗe daidai ba. Shekara uku Lukuman yana zagaya kasuwa da ido ɗaya, yana tofar da jini a bayan rumfuna inda baƙo ba zai gani ba. A daminar 1959 ya faɗi a tashar Kalgo da akwatin wani malamin makaranta a kansa, bai sake tashi ba. Malamin ya ɗauki akwatinsa ya tambayi wace mota ce ta Gwandu, aka nuna masa.