Asirin gajerun waƙoƙin Yaya Bashir

Jiya Ummanmu ta kwance wa Yaya Bashir zani a kasuwa, a gaban baƙin da suka zo neman ya rubuta musu waƙar biki.

Ɗayansu ya tambaye shi, "Ustaz, me ya sa waƙoƙinka gajeru ne, ga sauri kamar ana korar ka?"

Yaya ya gyara zama ya ce, "Hikima ce, ya ahi, ɗan'uwana. Dogon nazari ne."

Umma ta ajiye butar shayi. "Wane nazari? Korar sa ake yi!"

Ta fasa ƙwai. Lokacin samartakarsa, idan aikin Hajji ya zo, mukan bar wa alhazai ɗakunanmu a unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki, mu koma saman bene. Can shi da abokansa suka samo kaset ɗin Turawan nan masu gashi tsaye kamar zankon zakara, masu kiɗan hayaniyar nan da ake kira fank. Su Yaya ba su da ganga, sai tukwanen Umma. Su yi ta duka suna ihu, alhazai na ƙasa suna salati.

"Daga kicin zuwa sama, minti biyu nake yi da muciyata," in ji Umma. "Dole waƙa ta ƙare kafin in iso."

Yaya ya sunkuyar da kai. "Halas mana, Umma, ya isa haka."

Baƙin suka ce irin ta tukwanen suke so.

Har yau in waƙarsa ta kusa minti biyu, sai ya waiwayi ƙofa. Ku wa ya koya muku sana'a da muciya?