Ƙahon da aka kafa wa Yaya

Yayana manomi ne a Fammar. Tun ina yaro, da zarar an gama kai hatsi rumbu sai ya aika a kira wanzamin gidanmu, ya tuɓe riga a zaure, ya ce a kafa masa ƙaho a cire gajiyar shekara.

A shekarar da ya kwanta, likitoci a Kano suka gano ciwon daji a ƙodarsa ta hagu, irin wanda suka ce ba kasafai suke gani ba, kuma ya riga ya kai huhu. Aiki ba zai yiwu ba. Suka ɗora shi a kan wata ƙwaya mai toshe hanyoyin jinin da ƙarin, wato tsiron dajin, yake sha. Likitar da ke duba shi ta ja mini kunne: mai shan maganin nan jininsa ba ya saurin tsayawa, rauninsa ba ya saurin warkewa, kada a yanke shi ko'ina. Na rubuta lokutan sha da ajami na liƙa masa a bango. Ƙaho kuwa ko a raina bai zo ba, don a wurinmu kamar aski yake.

Wata Talata da hantsi na dawo daga Rano, na tarar da Yaya kwance a zaure, tabarma ta jiƙe sharkaf da jini. Ashe ya aika an kira wanzami, ya tsaga shi wuri takwas a kwiɓi, daidai inda yake kuka da ciwo. Tsohon wanzamin yana danna tsumma, jini yana bin yatsunsa har gwiwar hannu.

Sai ga babban ɗan Yaya daga gona, magidanci mai 'ya'ya uku. Bai tambayi komai ba. Ya shaƙe wanzami ya buga masa kai da bango.

"Ka kashe mini uba, tsohon banza!"

"Ɗan nan, ni fa na yi maka kaciya..."

Naushi ya rufe masa baki, haƙora biyu suka faɗo ƙasa. Na riƙe ɗan Yaya ta baya ina cewa, "Ni likita ta gaya wa, ni ne ban faɗa ba!" Ya juyo da ƙotar fartanya ya fasa mini goshi.

Yaya ya ɗaga kai da ƙyar. "Kai, ƙanen ubanka ne! Ajiye." Ya dube ni. "Malam, zo ka danne mini nan, kun cika ni da hayaniya."

Na durƙusa na danne, jinina yana ɗiga a kan nasa, har aka samo mota.

A asibiti suka tsayar da jinin, suka ƙara masa wani. Amma tsagar ta ƙi haɗewa, dole likitar ta dakatar da ƙwayar sai fata ta rufe. Mako bakwai muka jira. Da aka sake hoto, ƙarin ya cika gefen huhu. Aka mayar da shi kan maganin, amma maganin bai ƙara yi wa ciwon komai ba.

Yaya ya ce a kai shi gida. Ya rasu ana saura kwana tara azumi. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini.