Tsokar da Kyaftin Ya Miƙa

Ni aka fara ɗauka. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin na daɗe ina tinƙaho da shi. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ko wadda ta biyo ta, wasu ƙungiyoyi biyu na ƙwallon kwando suka turo masu horar da 'yan wasansu daga Kano zuwa Gumel, su duba mu 'yan ajin ƙarshe. Ɗaya ta wata ma'aikatar gwamnati ce, ɗaya ta wata masaƙa. A lokacin, wanda ƙungiya ta ɗauka ya sami aiki ke nan, da safe ofis ko bakin injin saƙa, da yamma fili. Bi da bi suka yi zaɓen, wannan ya nuna, wancan ya nuna. Mutumin ma'aikata ne ya fara, ko dogon tunani bai yi ba ya nuna ni. Ƙanena kuwa, ɗan baffana na Sule Tankarkar, sai can ƙarshe mutumin masaƙa ya ɗauke shi, shi ma don tsawo kawai, kuma da sharaɗin gwajin wata uku.

Tsawo kam Allah ya ba shi. Babu ɗakin da yake shiga a garinsu bai sunkuya ba, kuma da tafi ɗaya yake damƙe ƙwallo. Shekara biyu na ba shi, a gidanmu ya zauna yana karatu tunda babana na aikin En'e a Gumel. Filinmu daɓe ne, allon katako, zoben kwandon kuwa wani maƙeri na kasuwar Maigatari ne ya lanƙwasa mana, bai ma daidaita sosai ba. A wannan fili, duk ƙwallon da ta bugi allo ta dawo, tasa ce. Zai cafe ta can sama inda hannun kowa bai kai ba, ga kwando a saitin goshinsa, amma sai ya sauko ya waiga yana nemana. "Yaya, ga ta." Ni kuma in jefa. Da haka na yi suna, har masu tallan gyaɗa a bakin makaranta sun san ni.

A Gagarawa Tasha muka hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Baffa ya rako mu da kansa, ya riƙe hannuna ya ce, "Ga ƙaninka nan. In ba su riƙe shi ba, ka turo mini shi kafin noman farko, fartanyarsa na nan inda ya rataye ta." Yaron ya sunkuyar da kai. Na san ba noma yake gudu ba, ya iya shi fiye da kowa. Ƙwallon ce ta shiga ransa, kuma in ya koma Sule Tankarkar ya rabu da ita ke nan har abada, don ko zobe babu a can.

Ƙungiyata ta fi kaya. Takalman kambas sababbi, riguna masu lamba, fili na siminti. Amma kowa a kan kekensa yake zuwa, a kan kekensa yake tafiya, kuma kowa ƙwallayen da ya ci yake lissafawa, saboda wanda ya fi ci shi manyan ofis ke sani. Kai, na sha takaici! Sai in sami wuri mai kyau, in ɗaga hannu ina ihu, mai ƙwallo ya kalle ni ido cikin ido ya jefa abarsa daga nesa. Na yi faɗa, na yi fushi, na ce hassada ce suke yi mini don ni aka fara ɗauka. Kafin wata biyu na san bencin 'yan jiran canji sarai, har da inda ƙusa ke kama wando.

Su 'yan masaƙa gida ɗaya suke zaune, wani tsohon gida mai ɗakuna a jere a bayan masaƙar, kuma faranti ɗaya suke ci. Mai horar da su mutumin kudu ne, mai kirki, amma ƙanena ya kusa haukata shi. Kullum ihu yake, "Jefa! Jefa!" Yaro na ƙarƙashin kwando, babu kowa a gabansa, sai ya juya ya miƙa wa kyaftin. Mutumin ya yanke cewa tsoro ne, ya ce in wata ya ƙare bai sauya ba a ba shi tikitin jirgi. Da ƙanena ya gaya mini, ni da muka tashi gida ɗaya, abin da na ce masa kawai shi ne, "To ka jefa mana, sakarai!"

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bi shi gidansu, na tarar an sauke shinkafa da miya, aka ce in sa hannu. Kyaftin ɗinsu ya ba talatin baya, mutumin wajen Damagaram ne da ya daɗe a Kano, gwiwarsa ɗaya kullum a ɗaure. Ba shi da yawan magana. Muna cikin ci sai wata tsoka ta gangaro daga tsakiyar faranti ta tsaya a gaban ƙanena. Ya sa bayan yatsa ya tura ta tsakiya, ya ci gaba da cin shinkafarsa. Ni ban ga komai a ciki ba, haka aka koya mana duka. Amma kyaftin ya tsayar da lomarsa.

"Kai dogo, tun da ka zo gidan nan ka taɓa cin nama a farantin nan?"

"Ba a ba ni ba, Yaya."

"A gidanku fa?"

"Babba ne ke miƙowa."

Sauran suka kwashe da dariya, wani ya ce shi ya sa naman ke isarsu kwana biyun nan. Kyaftin bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya zaɓi tsokar da ta fi kowacce girma ya ajiye a gabansa. "Ci," in ji shi. Yaron ya ce ya gode, ya ci. Sai kyaftin ya ce, "To saurara. A fili, duk ƙwallon da ta bar hannuna ta zo naka, miƙo maka na yi. A gidanku ana mayar wa babba abin da ya bayar?"

"A'a, Yaya. Raini ne."

"To kada ka raina ni." Ya juya ga sauran ya ce, "Duk kun girme shi. Kun ji dai."

Mako biyu bayan nan aka haɗa ƙungiyarsu da tamu, da la'asar, kuma shi ne wasa na ƙarshe kafin wa'adinsa ya cika. Ina bisa benci, don haka na ga komai da kyau. Ƙwallo ta farko da ta dawo daga allo ya cafe, ya juya ya ba kyaftin kamar kullum. Na ga mai horar da su ya dafe kai. Amma kyaftin bai ko buga ta ƙasa ba, ya jira yaron ya isa ɗaya kwandon, ya cilla masa ita sama, ya ce da ƙarfi, "Ungo!"

Allah mai iko! Ban taɓa ganin mutum ya tashi haka ba. Biyu daga cikin namu suka yi tsalle tare da shi, suka sauko, shi yana can. Ya ɗora ƙwallon cikin kwando daga sama, a hankali, kamar mai ajiye ƙwarya a kan danga. Sai wani dattijo mai sayar da rake ya yi kabbara, wuri kuwa ya ɓarke.

Daga nan abin ya zama kamar rabon nama. Wannan ya ce "Ungo," wancan ya ce "Ungo," shi kuma ba ya mayarwa. Ya jefa daga kusa, ya jefa daga gefe, ya juya baya ya jefa da hagu, abin da ban ma san ya iya ba. Kuma bai bar halinsa ba: wadda ya cafo da kansa sai ya ba na gaba da shi, su kuma su dawo masa da ita. Mutum huɗu suna gudu don su ciyar da ƙaraminsu, da murnarsu, kyaftin na ɗingishi yana dariya. Namu kuwa kowa na zagin kowa. Ni kuwa na manta ma cewa mu ake lallasawa, sai da na kusa da ni ya ja mini riga ya ce in zauna, tafin me nake yi.

Masaƙa ta riƙe shi. Ya yi shekaru yana wasa, har jiha ta ɗauke shi, ya ga garuruwan da ni a taswira kawai na san su. Ni kuwa kafin shekara ta zagayo na dawo Gumel na kama aikin akawu, kuma alhamdu lillahi ban yi nadamarsa ba. Amma maganar da muka yi a bakin fili ran nan ba ta taɓa barina ba.

Ya zo yana zufa, ya karɓi jakata zai riƙe mini kamar yadda ya saba. Na ce, "Kai, yaushe ka koyi wannan?"

"Tun muna Gumel, Yaya. In an tashi kun tafi, nakan tsaya in yi ta jefawa."

"To me ya hana ka yi a wasa, shekara huɗu?"

Ya kalle ni da mamaki, babu ko ɗigon ƙorafi a fuskarsa. Ya ce, "Ai ba ka taɓa miƙo mini ba."

Ya rataya jakata a kafaɗa ya yi gaba, ni kuma na bi shi a baya har bakin titi.