Kwamfutar Rabon Ruwa Ta Ci Mini Haƙori

Jama'a, yau na baro haƙorina a ofis!

Ni ke kula da sabuwar kwamfutar da ke tsara manoman da za a sakar wa ruwan noman rani. In aka ɗauke wuta, tana tuna inda ta tsaya. Amma ba ta adana kwafin fayil ɗin gonaki. Lambar layi kawai take riƙewa, ta sake buɗe fayil ɗin yadda ta same shi.

Shekaranjiya wuta ta ɗauke tana cikin aiki. Da wutar ta dawo, kafin in tayar da aikin, akawunmu ya goge gonakin da suka gama girbi daga saman jerin. Layuka suka matsa. Kwamfutar ta ɗora daga tsohuwar lambarta, ta tsallake masu tumatir na Bunkure kaf!

Yau da hantsi sai ga su da fartanyoyi. Shugabansu, Malam Iro, ya shaƙe ni.

“Tumatirina ya ƙone! Wa ya hana mu ruwa?”

“Baba, na'ura ce...”

Ƙotar fartanya a baki, gau! Jini ya wanke mini riga. Akawu ya dira ta taga. Malam Iro ya rotsa gilashin kwamfutar.

“Na kashe shegiya!”

Ashe tana nan da ranta. Injin bugawa ya turo rabon gobe. Malam Iro, da bai iya karatun boko ba, ya yago takardar ya manna mini a fuska.

“Karanta!”

Babu Bunkure a ciki. Na tofar da jini.

“Baba, ku ne farko.”